Shekara tara a Jidda, riyal 2,300 a asusu: ina kuɗin suka shiga?

Direban Jidda:
Assalamu alaikum mutanen gida. Admin a yi min afuwa, yau ba cigiyar aiki ko tallan kaya na kawo ba, wata damuwa ce ta hana ni barci jiya. Ina zaune a mota ƙofar makaranta ina jiran yaran kafil, wato maigidana da ya tsaya min a ƙasar nan, su fito, ban san me ya kai hannuna kan kalkuleta ba. Shekara uku na farko ina karɓar 1,500, shida da suka biyo baya 1,800, na buga na haɗa sai ya ba ni riyal 183,600. Wallahi sai da na sake bugawa sau biyu. Ɗaki kafil ne ya ba ni, igama, takardar zama, shi ke biya, ko kuɗin wuta ban taɓa biya ba, amma yau in ka kama ni ka zazzage kaf abin da ke asusuna 2,300 ne sai wani fili a gida da aka yi wa fandisho tun 2021 ciyawa ta rufe shi. Ba na shan taba, ba na caca, ba na yawon banza. To jama'a ina kuɗin nan suka shiga? Wanda ya san yadda ake riƙe kuɗi a ƙasar nan ya taimaka min don Allah, shekaru suna tafiya.

Ɗan Gayu:
Hhhh malam wa ya aike ka buga wannan lissafin, ai duk wanda ya buga sai hawan jini ya kama shi. Ni na daina tuntuni. Ci naka sha naka, rabon kwaɗo ba ya hawa sama

Maman Hanan:
Kai Ɗan Gayu ka ji tsoron Allah mutum ya zo da damuwa kana masa dariya. Wa alaikumus salam Direba, wallahi ba kai kaɗai ba ne, rabin guruf ɗin nan in suka faɗi gaskiya labarinsu ɗaya da naka, kunya ce kawai ta hana.

Abu Yasir Riyad:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa kafin kowa ya ba ka shawara, akwai aikin da ya kamata ka fara yi, kuma minti ashirin ya ishe ka. Buɗe manhajar bankinka ka ciro kashful hisab, bayanin shige da ficen kuɗinka, na wata uku da suka wuce, ka ɗauki biro da takarda ka raba shi gida huɗu: abin da ka tura gida, abin da ka ci, bashi ko biyan kashi-kashi, sai sauran tarkace. Kada ka yi da ka. Ni aikina ke nan a kamfani, lissafin kuɗin mutane, amma ranar da na yi wa kaina sai da na ji kunya, abin da nake rantsuwa ina kashe 300 a kai ashe 800 ne. Kai yana yi wa mutum ƙarya, takarda ba ta yi.

Maman Hanan:
Ni dai abin da na lura da shi, tunda wannan shabakar, na'urar biya da kati ko waya, ta zo kuɗi suka daina nauyi. Da in za ka sayi abu sai ka zaro 'yar ɗari ka miƙa ka ga an dawo maka da canji, zuciyarka ta ɗan sosu. Yanzu ko mai bagala, kantin unguwa, ɗora waya kawai za ka yi ta ce tiit shike nan. Ranar nan na shiga abu riyalen, shagon kayan araha, zan sayi soso ɗaya, soso ɗaya tak fa, na fito da leda biyu riyal 74, har da wani abin matse lemo da har yau yana cikin kwalinsa a saman firij yana kallona.

Ɗalibin Madina:
Anti Maman Hanan kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Mu ɗalibai mukafa'armu, alawus ɗin jami'a, ba ta kai dubu ba a wata, amma akwai abokina da ya yi shekara huɗu ya koma da kuɗin aure, ni kuma ranar ashirin ga wata na fara bin ɗakuna ina neman wanda ya dafa. Da na zauna na duba, shayin karak ne da odar abinci. Riyal 15 a rana ba ta yi kama da kuɗi ba, amma a wata 450 ce, a shekara 5,400. Ɗan hakin da ka raina. Abin da nake yi yanzu, ranar da kuɗi suka shigo na je sarraf, wato ATM, na ciro na sati a hannu, katin na bar shi cikin akwati, in na sati ya ƙare ranar Laraba to Alhamis da Juma'a burodin tamis da waken ful ne ko abincin jami'a, ba wanda ya mutu.

Baba Tela:
Salamu alaikum yarana. Ni ba na yawan rubutu, jikana ke taya ni. Na shigo Makka tun ana cika tankin mota da kuɗin da yau ba zai saye maka farantin shinkafar bukhari biyu ba, na yi ɗinki a Shara Mansur sama da shekara talatin. Maganar shayi da kuke yi gaskiya ce amma ba shayi ne ya cinye dubu ɗari da tamanin ba. Direba ka faɗa min, sau nawa wayarka ke ƙara daga gida a wata?

Direban Jidda:
Baba wallahi kun gano ni. Ba na iya ƙirgawa. Yau asibiti, gobe kuɗin makaranta, jibi an haihu, gata taki. Kuma duk wanda ya kira da kalma ɗaya yake farawa, kai da kake ƙasa mai tsarki.

'Yar Damagaram:
Hmmm wannan kalmar. Ni aikatau nake a wani gida a Ɗa'if, ina tashi kafin asuba ban kwantawa sai sha biyu ta wuce, hannuna duk ya tsattsage da kilorin, amma a gida gani suke riyal a ƙasa ake tsinta bakin Harami. Wata ƙanwar babata ta yi fushi da ni wata shida don ta ce in sayo mata sarƙar gwal na ce sai dai abaya. Wata shida fa bata ɗaga wayata

Abu Yasir Riyad:
To ga inda zan yi magana wasu su ji haushi. Yawancinmu mu muka ɓata mutanen gida da hannunmu. Ka je hutu da akwati huɗu, turare, dabino, jallabiyya kowa da tasa, agogo, ka yi sati biyu kana rabon kuɗi kamar ɗan takara, ka dawo nan da bashi. Wa zai yarda ba ka da shi? Ni tun 2020 na yanke: gida suna da adadi ɗaya a wata, rana ɗaya, hannu ɗaya. Wanda ya kira bayan wannan sai ya jira wata mai zuwa ko da kuka yake.

Baba Tela:
A'a Abu Yasir, nan kam ban bi ka ba. Ko da kuka yake? In mahaifiyarka ce a gadon asibiti sai ka ce ta jira wata? Mu da muka zo nan wani ne ya sayar da akuyarsa, wata ta sayar da kwallarta aka haɗa mana kuɗin jirgi. Ba a yi wa zumunci lissafin kamfani. Na ga masu riƙon nan da yawa, sun tara sun gina, ranar da suka koma ba wanda ya zo tarbarsu.

Abu Yasir Riyad:
Allah ya huci zuciyarku Baba, ban yi bayani daidai ba ne. Iyaye daban, rashin lafiya na gaske daban, wannan ina da ajiyarsa a gefe musamman. Wanda nake nufi shi ne ƙato mai lafiya da zai kira ka don zai canza waya ko za a yi ankon biki. Kuma ku duba halin da muke ciki mu masu iyali a nan. Tun Yulin 2017 aka fara karɓar kuɗin murafiƙin, wato na iyalin da ke zaune tare da baƙo, riyal 100 kan kowane mutum a wata, yana hawa duk shekara har ya tsaya a 400 a 2020. Ni da mata da yara uku, 1,600 ke nan duk wata, 19,200 a shekara, kafin haya kafin makaranta kafin mu sa loma a baki. A shekarar dai aka ɗaga dariba, harajin kaya, daga kashi 5 zuwa kashi 15, abin 105 ya koma 115. Albashi kuwa yana inda yake. In ban sa iyaka ba wallahi igamar yarana ce za ta mutu, kuma wanda na tura wa kuɗin anko ba zai sabunta min ita ba.

Baba Tela:
To yanzu na ji ka. In akwai na gefe don lalura ba mu da faɗa.

Ɗalibin Madina:
Baba da Yaya Abu Yasir ai duk kuna cikin aya ɗaya, ta 29 a Suratul Isra'i, inda aka hana mutum ƙuƙunce hannunsa a wuya aka kuma hana shi shimfiɗa shi gaba ɗaya har ya zauna abin zargi. Kuma ayoyi kaɗan kafin ita an ce a ba ɗan'uwa haƙƙinsa, a wuri ɗaya aka ce kada a yi almubazzaranci. Matsalarmu dai ba mu san inda haƙƙin ya tsaya ba.

Ɗan Gayu:
Malam ya hau mumbari, a miƙo masa ruwa

Admin:
Ɗan Gayu gargaɗi na farko. Sannan wanda ya turo min hanyar shiga wani kasuwancin intanet wai a sa dubu a karɓi dubu biyu a wata, ya ce in saka a nan, na goge kuma in ya sake zan cire shi. Bara mutum nawa a guruf ɗin nan suka yi kuka kan irin wannan, kowa ya sani. A ci gaba.

Maman Hanan:
Allah ya saka Admin. Ni dai abin da ya yi min aiki adashe ne, jam'iyya kamar yadda Larabawa ke cewa. Mu goma ne, 500 kowacce, duk wata mutum ɗaya ta kwashi 5,000. Da kwasata ta farko na sayi firiza da manyan tukwane na fara abincin sayarwa, lokacin Umrar azumi har ba na iya ɗaga waya saboda odar tuwo da masa. In da a hannuna kuɗin suke wallahi da manhajar sayayya ta Shein ta cinye su. Amfanin adashe kunya, ba za ki iya cewa mata tara ba ki da na zubi ba.

'Yar Damagaram:
Anti adashe kam sai da sa'ar mutane. Namu mu takwas wadda ta kwashi na biyu aka kama ta ba igama, sati biyu sai ga ta a tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, daga can sai gida. Wa za ki kama? Ita ma ba da gangan ta yi ba amma kuɗina 1,200 sun tafi har yau. Kuma ni ce ta ƙarshe a layi

Maman Hanan:
Allah sarki, Allah ya mayar miki da alheri. Shi ya sa mu muke da doka, sabuwar shiga ita ce ƙarshen kwasa, wadda takardunta ba su cika ba sai ta kawo wadda za ta tsaya mata, kuma komai a rubuce yake kowa ta sa hannu. Da farko wasu sun ce rashin yarda ne, na ce aya mafi tsawo a Alƙur'ani ta rubuta bashi ce, ni wace ce da zan fi ƙarfinta.

Ɗan Zariya Dammam:
Slm. Ni gargaɗi ɗaya zan yi wa Direba, duk abin da za ka tara kada ka tara shi a naira ka bar shi kwance. Ni na yi wannan wautar. Farkon 2023 na tura riyal 10,000 aka canza min wajen naira 200 kowace riyal, miliyan biyu cif, na bar su a akawun ina jin ni wani ne wai sai na je hutu in fara gini. Tinubu ya hau a watan Mayu ya cire tallafin mai, watan Yuni aka saki naira, kafin in ankara a 2024 dala ta haura 1,500, riyal ta koma wajen 400. Miliyan biyuna in ka mayar da su riyal sun zama dubu biyar. Ba ɓarawo ba gobara rabi ya tafi ina kwance a ɗaki. Simintin da na sani wajen dubu biyar na je na tarar ya haura dubu goma. Ita riyal tun 1986 take ɗaure da dala a 3.75, da na bar su a nan da ko halala ɗaya, kwabon ƙasar nan, ba ta ragu ba.

'Yar Damagaram:
Mu sefa ɗaure take da yuro bata irin wannan faɗuwar, namu ciwon tsadar kaya ne da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 2023, shinkafa ta gagari mutane

Direban Jidda:
To Ɗan Zariya in na bar su a nan kuma hannuna yana kaiwa gare su. Matsalar ke nan. Duk abin da na gani a manhaja in aka kira ni aka yi min kuka sai na tura.

Ɗan Mai Wurno:
Salam ya jama'a, ku ba ni dama ni ma. Ni Bahaushen Sudan ne, asalinmu Mai Wurno kusa da Sinnar amma a Wad Madani na yi gida. Shekara goma sha ɗaya ina aiki a Riyad duk abin da na samu bulo da ƙarfe, ban bar komai a hannu ba, ina cewa gida ai ba ya gudu. Yaƙi ya tashi 15 ga Afrilun 2023 a Khartum muka ce Madani lafiya, har mutanen Khartum ɗin wurinmu suka gudo, a ɗakunana an kwana mutum ashirin da wani abu. Disamba sai ga shi ya iso Madani. Iyalina sun fita da kayan jikinsu. Gida bai gudu ba gaskiya, mu muka gudu muka bar shi. Kun san abin da ya fitar da su har Gadarif ya ciyar da su wata huɗu? Awarwaro uku na gwal da matata ta matsa min na saya mata ina ta mita ina cewa ɓarnar kuɗi ce. Ɗaya bayan ɗaya ta sayar. Fam ɗin Sudan kuwa kada ma a yi maganarsa, wanda ya ajiye a banki ya ga abin da Ɗan Zariya ya gani har ya fi. Ban ce kada ka yi gini ba ya akhi, amma ka raba, wani a ƙasa wani a abin da za ka iya sa wa a aljihu.

Baba Tela:
Innalillahi. Allah ya kawo muku zaman lafiya ɗana, Allah ya mayar da ku gidajenku.

Maman Hanan:
Amin ya Rabbi. Maza ku ji da kunnenku dai, gwal ɗin da kuke mana gori a kai.

Abu Yasir Riyad:
Amin. Amma Hajiya a bambance, gwal na ado daban na ajiya daban. Sarƙa ko awarwaro in za ki saya kina biyan masna'iyya, kuɗin ƙira, ga dariba kashi 15 a kai, ranar sayarwa kuma mai shago nauyin gwal ɗin kawai zai auna ya biya, ƙirar ta tafi. Wanda ajiya yake nufi ya sayi sabika, 'yar ƙaramar curin nan mai karat 24, akwai ta giram 5 akwai ta 10, ita dariba sifili ce a kanta saboda tsarkinta ya kai 99. A karɓi fatura, wato rasit, a adana. Kuma farashinsa yana hawa yana sauka, ba abin da za ka saya yau ka sayar bayan wata biyu ba ne.

Ɗalibin Madina:
Kuma in ajiya ta kai nisabi, kimar giram 85 na gwal, ta shekara a hannu, akwai zakka kashi biyu da rabi cikin ɗari. Kada a tara a manta da wannan.

Ɗan Gayu:
To ni da ban da ko giram ɗaya zakka ta wuce ni alhamdulillah. Amma da gaske yanzu, wasa a gefe, abin da ya kashe ni biya kashi huɗun nan ne. Waya kashi huɗu, takalmi kashi huɗu, turare kashi huɗu, har cefane akwai ranar da na raba shi huɗu. Kowanne in ka gani ƙarami ne 90, 150, 200, sai ranar albashi saƙo ya yi ta shigowa kamar ruwan ƙanƙara kafin azahar an zare min 1,350 cikin 2,500. Takalmin ma ya yage ban gama biyansa ba

Maman Hanan:
Au ashe mai dariya shi ma yana ciki hhhh

Ɗan Gayu:
Anti ai dariyar ta rufin asiri ce

Abu Yasir Riyad:
Ɗan Gayu tunda ka fito fili, rubuta su duka a takarda ɗaya da ranar da kowanne zai ƙare, kada ka buɗe sabo sai na ƙarshe ya mutu, kuma ka cire manhajojin daga fuskar waya. Ni dokata duk abin da ya haura riyal 200 in na gani ina so sai ya kwana uku a kwando. Mafi yawa ranar ta uku na ma manta da shi. Musamman watan Nuwamba lokacin rangwamen nan na Juma'a, ragin kashi hamsin a kan abin da ba ka buƙata ba riba ba ce, hamsin ɗin da ka biya ita ce asara.

Direban Jidda:
Jama'a na dawo. Na yi abin da Abu Yasir ya ce, a bayan takardar awon mota na rubuta don ita ce a kusa. Wata uku albashi 5,400. Gida 3,350 har da kuɗin hawala, kuma sau goma sha ɗaya na tura, uku ne kawai na ainihi na cefanen gida 700 kowanne, sauran takwas ɗin duk na kira ne, biyu ma wallahi na kasa tuna wa na tura wa ko don me. Bagala da abinci 880 alhali ana ba ni abinci a gidan kafil, wannan kwaɗayi ne kawai kajin Albaik da lemo da shayi in ina jira a mota. Waya da na ɗauka kashi-kashi 900. Data da kati 270. Ya tashi 5,400 daidai, ko riyal ɗaya ba ta kwana ba. Ashe ba aljani ba ne ke ɗauka, ni ne.

Baba Tela:
Madalla. Yanzu ka ga ɓarawon da idonka. Saura ka faɗa mana me kake so, don mutum ba ya tara kuɗi haka kawai, sai ya sa musu suna. Ni da na zo kuɗin da na ce na keken ɗinki ne ban taɓa taɓa su ba, wanda na ce ajiya ce kawai kuwa ko wata biyu ba ya yi.

Direban Jidda:
Baba ɗaki biyu da bayi nake so in rufa a filin nan in fitar da matata da yara daga gidan haya. Na tambayi magini watan jiya, abin da ya lissafa min in na mayar riyal wajen 18,000 ne.

Abu Yasir Riyad:
To ga shi ya samu suna da adadi, saura rana. 500 a wata sau 36, shekara uku ke nan cif, 18,000. Cikin 1,800 ɗinka: 700 cefanen gida kamar yadda ka saba, 150 ka ware na kiran gaggawa in ya ƙare ya ƙare, 500 gini, 450 naka. Biyan waya saura wata ɗaya ya fita daga wuyanka, sai ka fara daga wata na sama. Kuma 500 ɗin ranar da albashi ya shigo za ta fita, ba ƙarshen wata ba, ka buɗe wani asusu daban da ba ka yawo da katinsa ko ka shiga jam'iyyar mutanen kirki. 2,300 da ke hannunka kuma kada ka sa su a gini, ka ɗora a kai har su kai kuɗin tikiti da albashin wata biyu, mu baƙi ne a nan, kafil na iya cewa ma'assalama da safe ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗan Zariya Dammam:
Kuma farashin magini na yau ba shi ne na shekara uku ba, ka sa rarar ko dubu biyu a kai. Sannan don Allah kada ka riƙa tura kuɗin gini kaɗan-kaɗan hannun ɗan'uwa, ni an turo min hoton katanga shekara guda ina murna ashe ta maƙwabci ce. Tara a nan, in ka je hutu ka tsaya da ƙafarka a sayi kaya a yi aiki a gabanka, zuwa da kai ya fi aike.

'Yar Damagaram:
Yaya Abu Yasir mu masu aikin gida muna da wani abu in mun gama ko sai na kamfani? Wata ta ce min akwai kuɗin ƙarshen aiki

Abu Yasir Riyad:
Akwai amma ba iri ɗaya ba ne. Na kamfani rabin albashin wata ne kan kowace shekara a biyar na farko, bayan nan cikakken albashin wata kan kowace shekara. Mai 3,000 da ya yi shekara takwas 16,500 ke nan in kamfani ne ya sallame shi, in shi ya ajiye aiki tsakanin shekara biyar da goma kashi biyu cikin uku zai samu, 11,000. Ku masu aikin gida da direbobin gida tsarinku daban, albashin wata ɗaya ne in mutum ya cika shekara huɗu a jere wurin kafil ɗaya. Ki tambaya da ladabi ki karɓa haƙƙinki ne, amma ba kuɗin da za a jingina da shi a ƙi tari ba ne, kin ga dai ba yawa.

Maman Hanan:
Direba shawara ɗaya ta mata, ka sa matarka a cikin maganar nan. Ka faɗa mata adadin da ranar. Wallahi in ta san 500 ɗin nan ɗakinta ce ita da kanta za ta riƙa tare maka masu kira, mun fi ku iya cewa babu.

Direban Jidda:
Hajiya kamar kina gani. Ina cikin karanta saƙonki sai ga na ƙanina ya shigo, wai matar abokinsa ta haihu shi ne babban aboki yana so ya yi bajinta ranar suna, in taimaka masa da ko 400 ne. Da jiya ne da tuni na tura. Na rubuta masa cewa wannan watan 150 ce a ware ta lalura kuma suna ba lalura ba ne, in ya ga dama in ba shi 50. Ya karanta, alama ta yi shuɗi, bai ce komai ba. Gabana sai faɗuwa yake wallahi kamar na yi sata.

Ɗan Gayu:
Turo min hamsin ɗin in shi ba ya so

Baba Tela:
Direba bar wayar ƙaninka, kira mahaifiyarku yanzu kafin shi ya riga ka. Ka gaya mata da bakinka gini za ka yi, shekara uku, kuma nata ba zai ragu da ko riyal ɗaya ba. In ya je kai ƙara ya tarar ta riga ta sani.

Direban Jidda:
To Baba. Ga yaran sun fito, bari in sauke su gida in kira ta kafin la'asar.